Shekarar da Muka Buga da Mutum Goma

Ishaku, Maryamu, da ke auta Na'omi, wannan babin naku ne fiye da na kowa. Kun taso kuna jin magana iri biyu a kaina a garin Zuru. Wasu sun ce na sayar da wasa, wasu sun ce na bar coci na koma bin tsofaffin kan dutse. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba, yayarku Ladi kuwa ba ta zama inda ake zancen. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, bari in faɗa muku yadda aka yi. In rubutun ya karkace ku gyara, amma kada ku gyara maganar.

Ƙwallo kaɗai na sani. A bariki na koye ta, ƙafa ba takalmi, lokacin kakanku yana soja. Na buga wa wata masaƙa a Kaduna, lamba shida, a zamanin da ake ba mutum albashin masaƙa alhali bai taɓa riƙe zare ba. Wani ɗan baya ya taka mini gwiwa a wasan da ko kofi babu a cikinsa, aka kwaso ni a bayan a-kori-kura, shi ke nan. Na dawo gida na samu aikin yankan ciyawa a kwalejin da ke bakin gari. Ina cikin yankan ne wata rana na ga 'yan mata suna buga ƙwallo, duk sun dunƙule wuri ɗaya kamar kaji a kan tsaba. Na kasa haƙuri, na yar da adda, na daka musu tsawa su watse kowa ta kama gefenta. Daga wannan tsawar na zama Koci. Ba takarda, ba biki, usur kawai aka miƙo mini. Na yi shekaru ina wannan aikin, kuma na iya shi. Yaran da suka taso suna noma a kan dutse ba a koya musu gudu, ba a koya musu juriya. Abin da ake koya musu shi ne su ɗaga kai su dubi 'yar'uwa kafin su buga. Har ta kai makarantun da suke yi mana dariya sun fara neman uzuri in an haɗa su da mu.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda wayar hannu ta cika garin, mutum sai ya hau tudu yana ɗaga hannu kafin a ji shi. A shekarar ina da wata yarinya, Rahila, daga wani ƙauyen kan dutse ta hanyar Ribah. Gajeruwa ce, baƙa, mai wushirya. Ita ce lamba sha ɗaya, gefen hagu. In tana son ƙwallo ba ta ihu kamar sauran, fito take yi ta wushiryar nan, gajere, sau biyu, kuma duk hayaniyar fili sai an ji shi. Tana gudu dab da layi, kullum a kan sawu ɗaya, har ƙafarta ta fitar da 'yar siririyar hanya a cikin ciyawa kamar ta awaki. Kowa yana ce mini Koci, ita kaɗai ke cewa Baba Koci, da wata irin jan murya ta mutanen ƙauyensu. Yayarku Ladi ma tana kwalejin, ita ma bahaguwar ƙafa ce, ta fi Rahila ƙarfin bugu amma ba ta kai ta gudu ba. Don haka benci ne wurinta. Na san har da tsoron bakin mutane, kada a ce Koci ya sa ɗiyarsa. Ba su yi gaba da Rahila ba, sabulu ɗaya suke wanki da shi. Amma Ladi jira take yi, kuma mai jira yana jin nauyin kowace rana.

Da hutun damina Rahila ta tafi gida taya noma. Kububuwa ta sare ta a ƙafar hagu a cikin dawa. Kafin a sauko da ita daga dutse, kafin a samu babur, jini ya fara fita ta dasashinta. A hanya ta cika, a ɗaure tsakanin mai babur da yayanta. Na je gaisuwa na dawo, na ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa.

Da hutu ya kusa ƙarewa na ɗauki adda na tafi gyaran fili. Ciyawa ta kai gwiwa ko'ina. Har bakin raga, inda gola ke turmuza ƙasa ta zama kamar daɓe, ciyawa ta rufe shi. Amma hanyar Rahila tana nan fes, daga tsakiyar fili har kwana, ko tsiro ɗaya babu, ƙasar a take kamar jiya aka bi ta. Na tsaya na dube ta. Na ce wa kaina ƙasa ce ta mutu a wurin. Na yanke ciyawa hagu da dama, amma na lura ban taka hanyar ba, tsallake ta nake yi.

Ranar da muka fara atisaye, da la'asar, babur ya sauke wata tsohuwa a bakin fili. Kakar Rahila ce, na gane ta daga wurin gaisuwa. Ƙanƙanuwa, zane ɗaya, da sanda. Ba ta gaida kowa ba. Ba wanda ya nuna mata komai, ita da ba ta taɓa ganin filin ƙwallo ba, amma kai tsaye ta nufi gefen hagu. Ta bi gefen hanyar nan a hankali har ƙarshenta, ta dawo. Sai ta kira ni da sanda. Hausarta kaɗan ce.

"Yaro, wannan ne kuyyarta?"

Na ce, "Nan take gudu, Kaka."

"To, kada ka sa kowa. Ba a ɗora mata tukunya ba. Sai an yanke dawa."

Na ce, "Kaka, wasa ne fa, ba gona ba. Mutum sha ɗaya ake bugawa."

Ta dube ni kamar na yi maganar yara.

"Ita ba ta sani ba tukuna," in ji ta. "Kuyya ɗaya ba ta ɗaukar mutum biyu. In ka sa, ɗaya za ta kauce."

Ta hau babur ta tafi. Ba ta roƙe ni ba, ba ta sa na yi alkawari ba.

Ku ba ku san wannan ba, don a gari kuka taso. Ni na sani, don gidan kakana haka suke yi kafin zuwan mishan. In mutum ya mutu a tsakiyar aiki, damina ba ta ƙare ba, ba a ba wani kuyyar da yake nomawa, wato layinsa na gona. In an yi layi ana noma, sai a tsallake tasa a bar ta. Sai an girbe dawa an kai rumbu, sannan a hau dutse a ɗora tukunya a kan kabarinsa, a gaya masa aiki ya ƙare, ya huta. Kafin nan, in ji su, yana fitowa aiki kamar kullum, don ba wanda ya sallame shi. Ina yaro na ga irin wannan kuyya a gonar baffana, ciyawa a gefenta, manya suna wucewa ba sa kallonta. Na yi shekaru ban tuna ba sai ranar.

Ban yi gaggawar yarda ba, kada ku ɗauka uban naku sakarai ne. Na yi dabara. Na ce to, a bar gefen hagu, in sa ta sha ɗaya a tsakiya. Na ɗauko wata yarinya daga benci na ce ta tsaya a tsakiya kada ta matsa. Amma wasa kamar ruwa ne, inda babu kowa can yake gangarawa. Ba a jima ba ƙwallo ta ja ta hagu, ta hau hanyar nan da gudu. Taku kaɗan ta yi ta durƙusa tana amai. Da muka ɗaga ta sai waige take yi, tana shafa ƙeya, tana cewa wani yana huci a wuyanta. Daga ranar duk 'yan benci suka ce ko za a kore su daga makaranta ba za su zama ta sha ɗaya ba. Duk, ban da Ladi. Na tara su na ce da goma za mu buga har a yanke dawa.

Muka yi wasan sada zumunta da wata makaranta daga Yauri. Rafali ya tsaya a tsakiya ya ƙirga su da yatsa, ya ƙirga mu, ya busa usur. Da aka tafi hutun rabin lokaci na je na ce masa ya lura fa da goma muke bugawa, kada daga baya a yi gardama. Ya yi dariya ya ce in daina tsokana, shi ya ƙirga. Na ce ya sake. Ya sake ƙirgawa suna zaune suna shan ruwa, sai dariyar ta tsaya, ya goge fuska ya ce rana ce. Mun ci wasan. Abin da na gani shi ne, duk tsawon wasan 'yar bayansu ta dama ba ta bar gefen nan ba, tana gadin wurin da babu kowa. Da aka tashi ta zo tana haki ta tambayi kyaftin ɗinmu, Asabe:

"Don Allah wace ce mai fiton nan? Ta wahalar da ni. In na juya sai in ga ta riga ta wuce."

Asabe ta kau da kai ta wuce. Ranar ba a yi waƙa a hanyar komawa ɗakin kwana ba.

A gida kuwa wuta ta kama. Kuna ƙanana, wataƙila kun tuna ana rufe ku a ɗaki ana magana a tsakar gida. Gasar kwalejoji tana tafe, a filinmu za a yi wasan da zai raba gardama, kuma dawa ba ta ko nuna ba. Ga labari ya zo cewa wata mata daga masu zaɓen 'yan wasan jiha za ta zo, bahaguwar ƙafa take nema. Ladi ta ji. Wannan ce shekararta ta ƙarshe a kwalejin.

"Baba, da tana raye ka ce ta fi ni, na yi shiru. Yanzu ta mutu, har yanzu ta fi ni?"

Na ce, "Ki yi haƙuri a yanke dawa."

"Matar za ta jira dawa ne?"

Mamarku, Allah ya ji ƙanta, tana gefenta.

"Baban Ladi, ka ji kunya mana. Kai da kake ɗaukar baiko a coci ranar Lahadi, tsohuwa mai sanda ta zo ta ɗaure ka? Wanda ya mutu ya mutu. Yarinya ta ci benci har ya yi mata kanta, yanzu ƙofa ta buɗe ka tsaya a bakinta kamar jaki a kan gada."

Ta kai ni wurin Fasto. Ya buɗe Littafi ya karanta mini, ya yi addu'a, kuma duk abin da ya faɗa daidai ne. Na ce amin. Jami'in wasanni na kwalejin, Mista Garba, shi ma ya kira ni ofis. Ba mugun mutum ba ne, shi ya yi ta faɗa har aka saya wa 'yan matan takalma. Ya ce, "Koci, ni ma ɗan ƙasar nan ne, na san tukunya. Amma makaranta ce nan. In na bari aka ce mun buga da goma saboda fatalwa, gobe iyaye za su kwashe yaransu daga ƙwallo, a rufe ƙungiyar. Ka yi tunanin waɗanda ke raye." Wannan ma gaskiya ce. Kowa gaskiya yake gaya mini a shekarar.

Abin da ban sani ba, Ladi ta fara zuwa fili ita kaɗai da tsakar rana, lokacin da kowa yana aji ko yana inuwa. Tana ɗaukar ƙwallo ta hau hanyar Rahila, ta kai kwana ta dawo. So take ta nuna mini babu abin da zai same ta. Mai gadi ne ya gaya mini. Na je na laɓe bayan bishiyar ɗorawa na gani da idona. Ba ta faɗi ba, ba ta yi amai ba. Abin da ya tayar mini da tsikar jiki shi ne gudun. Na san gudun ɗiyata tun tana tatata: dogon taku, kafaɗa a sama. Wadda na gani tana gudu a duƙe, gajeren taku, hannun dama a manne da ƙirji. Kuma ta fi Ladi sauri nesa ba kusa ba. Na yi mata faɗa da yamma, ta ce to, washegari ta koma.

Wata Asabar da hantsi ina zaune ina ɗinke raga, mamarku tana tankaɗe, Ladi tana wanke-wanke ta ba mu baya. Sai muka ji fito. Gajere, sau biyu. Ku tambayi kowa, yayarku ba ta iya fito ba, tun tana yarinya ake yi mata dariya, iska kawai ke fita. Haƙoranta a jere suke, babu wushirya. Rariya ta tsaya a hannun mamarku. Ladi ta juyo da kwano a hannu, fuskarta lafiya lau, ta ce:

"Baba Koci, a kawo maka ruwa?"

A gida Baba take ce mini, a fili Koci. Ba ta taɓa haɗa su ba. Kuma da wannan jan muryar ta faɗa. Na ce me kika ce? Ta ce, "Ruwa na ce, Baba. Lafiya kake kallona haka?" Na dubi mamarku. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe da ƙarfi, gari yana zuba a ƙasa.

"Ni ban ji komai ba," in ji ta, alhali ban tambaye ta ba.

Daga ranar ba ta ƙara cewa in sa Ladi ba, ba ta kuma ce kada in sa ta ba. Ranar wasan da safe ta biyo ni har ƙofar gida, ta riƙe kan kekena.

"Baban Ladi, ka dawo mini da ita."

Iyakar abin da ta ce ke nan.

Fili ya cika da la'asar. 'Yan makaranta, 'yan acaba a kan baburansu, matan bariki da lema, masu sayar da rake. Rana tas, ko gajimare babu. Aka kawo wa baƙuwar kujera a inuwa kusa da Mista Garba. Ladi ta sa takalma, ta ɗaure, ta zauna a ƙarshen benci. Riga mai lamba sha ɗaya tana cikin jakata, amma ita ta sa tata. 'Yan matanmu suka shiga su goma. Wannan rafalin ya ƙirga daidai, ya ɗago hannu yana tambaya. Mista Garba ya taso da sauri.

"Koci, kada ka yi mini haka a gaban baƙi."

Na ce, "Oga, na gaya maka tun a ofis."

Ya juya ya bar ni, ya dubi benci. Duk suka sunkuyar da kai. Ya ce, "Ladi, shiga!"

Ta miƙe. Ni kuma na kama wuyan hannunta.

Ban yi shawara da kaina ba, hannuna ne ya tafi. Abin da na riƙe sanyi ne, kamar ka tsoma hannu a randa da asuba, a cikin wannan zafin ranar. Mista Garba ya ce in sake ta. Na ce, "Oga, ƙungiya taka ce, usur naka ne, in kana so karɓi yanzu. Wannan kuwa tawa ce." Jama'a suka fara ihu. Wani ɗan acaba ya ce, "Koci ya sha burkutu!" Wata mata ta ce, "Sakar mata hannu, mugun uba!" Ba mai iya kokawa da uba a kan ɗiyarsa a bainar jama'a. Mista Garba ya koma kujerarsa, rafali ya busa.

Ban koyar da komai ba a wasan nan. Ban yi tsawa ba, ban yi canji ba. Ina tsaye a bakin layi, a gefen hagu, riƙe da ita. Na ɗauka za ta yi fizge-fizge, ta yi kuka, ta zage ni. Da ta yi haka da na ji daɗi. Tsayawa ta yi cak, idonta a kan hanyar nan da ke gabanmu, ƙafarta ta hagu tana motsi ita kaɗai, tana taɓa ƙasa tana ɗagawa. Can ta ce, a hankali, ba fushi:

"Baba Koci, sake ni mana. An bar wurina ba kowa."

Na ce, "Ba wurinki ba ne."

"Wurina ne. Kai ka ba ni."

Na ƙara damƙewa har na ji ƙashi. Na ce, da ƙarfin da ya rage mini, "Rahila, ki yi haƙuri. Wannan ba taki ba ce." Ban san ko wani ya ji ba.

Bayan hutun rabin lokaci, ba a ci kowa ba, Asabe ta samu ƙwallo a tsakiya, mutum biyu sun rufe ta. Sai fiton ya fita a gefena, daga bakin ɗiyata. Asabe ko dubawa ba ta yi ba, ta zura ƙwallo hagu kamar yadda ta saba. Ƙwallo ta hau hanyar nan ta bi ta, ta bi ta, ba ta karkata ba, ta wuce gabanmu. Da ƙarfin da aka buga ta ya kamata ta fita waje. Dab da kwana sai ta tsaya, tsayawa irin ta ƙwallon da aka taka. Fili ya yi shiru. Na ji kukan akuya daga can bayan katanga. 'Yar bayansu ta taho da gudu, ta rage gudu, ta tsaya nesa kaɗan tana kallon ƙwallon, ta ƙi ƙarasawa. Kocinsu yana ta ihu. Hannun da na riƙe ya ja ni sau ɗaya, jan da ya kusa tumɓuke mini kafaɗa, gwiwata ta yi ƙara, na faɗi a kan ɗayar, amma ban saki ba. Daga ƙarshe golarsu ce ta fito ta ɗauke ƙwallon. Asabe ta tsuguna a tsakiyar fili ta rufe fuska. Daga nan 'yan matanmu suka watse a tsaye, aka zura mana biyu. Baƙuwar ba ta jira ƙarshe ba, ta yi magana da wata yarinya daga cikin waɗancan ta shiga mota.

Da aka busa tashi na ji hannun ya fara ɗumi. Ladi ta dube ni, ta dubi hannunta inda yatsuna suka kwanta, ta dubi mutane suna watsewa. Ta cire takalman ta ajiye a kan benci ta tafi gida ba takalmi. Na bi ta a baya da keke, ban hau ba. Mamarku tana bakin ƙofa. Ta kama fuskar Ladi da hannu biyu ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ta shiga ta yi wanka.

Aka karɓi usur aka bar mini adda. Aka kawo wani matashi mai takarda, na yi shekara ina yanke masa ciyawa, daga nan na ajiye. A coci aka cire ni daga ɗaukar baiko, ba wanda ya gaya mini dalili, ni ma ban tambaya ba. Da aka yanke dawa aka aiko mini daga ƙauyen. Na hau dutsen nan da gwiwa ɗaya da sanda, na kai musu rigar. Suka ɗora tukunya, tsohuwar ta yi magana da yarensu ta daɗe, kamar mai lallashin yaro ya yi barci. Da ta gama ta juyo ta ce mini, "Yanzu ka ba wani." Na sauko na gaya wa Ladi. Tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wa zai ba ni? Kai?"

Ba ta ƙara taɓa ƙwallo ba. Ta gama makaranta ta tafi Kaduna, ta yi aure, ta haihu. Kun san yadda muke da ita: ina kwana Baba, lafiya lau, a gaida yara. In ta aiko da saƙo ta hannunku take aikowa. Wadda baƙuwar nan ta ɗauka a madadinta, na taɓa ganinta a talabijin a gidan kallo, da koriyar rigar ƙungiyar ƙasa. Ban gaya wa kowa ba. Ladi ta fi ta.

Sau ɗaya muka yi zancen, bayan jana'izar mamarku, da baƙi suka ragu. Ina zaune a gindin mangwaro da rana ta kawo mini abinci, maimakon ta juya sai ta zauna a kan turmi. Na ce mata, tunda mai raba mu ta tafi, ta faɗi abin da ke ranta, ko zagi ne in ji. Ta daɗe tana murza wuyan hannunta.

"Baba, ka san abin da ban taɓa gaya wa kowa ba? Ban ga wasan nan ba. Na tuna ina ɗaure takalmi a kan benci. Sai kuma na ga mutane suna tafiya gida, kana durƙushe, hannuna yana ciwo. Tsakanin nan babu komai. A bakin mutane na ji an ci mu biyu."

Na ce, "To, kin gani."

"Na gani," in ji ta. "Kuma da ka sake ni, da an ɗauke ni. Da gudun nan, ba wadda za ta tsaya a gabana. Wani lokaci ina kwance sai in ji da ma ka saki, ko wace ce ta tafi."

Ta ɗauki kwanon jiya ta shiga ciki. Ban kira ta ba. Na ci abincin, don ita ta dafa.